Kwanon Tsuntsayen Isyaku Gadina

Isyaku Gadina haifaffen Gyaɗi-Gyaɗi ne, tun tana ƙauye, gonakin dawa sun raba ta da birni. Ubansa ɗan lambu ne, kakansa ma haka. Saboda haka da ya tashi ya tafi Nasarawa aikin gadina a gidan wani Bature, ba wanda ya yi mamaki. Ban-ruwa dai ban-ruwa ne, ko albasa ko fure. Shekara goma sha shida ya yi a can. Ya koyi aske ciyawa har ta kwanta kamar tabarma, ya koyi jera duwatsu a bakin hanya yana shafa musu farar ƙasa, ya kuma koyi yin shiru, wanda dama yana da guzurinsa tun daga gida.

A shekarar hamsin da huɗu Baturen ya koma ƙasarsu. Aka baje kayan da ba za a tafi da su ba, aka ce kowane ma'aikaci ya zaɓa. Kuku ya kwashi tukwane, boyi ya ɗauki fitila da tsohon kwat. Isyaku ya zagaya bayan gida ya nuna kwanon wankan tsuntsaye. Wani faffaɗan kwano ne na siminti a kan ginshiƙin da ya kai mutum ƙugu, wanda wani magini na Sabon Gari mai suna Oluwole ya zuba wa matar gidan. Amfaninsa ɗaya ne tak: a zuba ruwa, tsuntsaye su zo su sha su yi wanka, masu gida su zauna a baranda suna kallo. Jaki biyu suka kawo shi Tarauni, kwanon daban, ginshiƙin daban.

A Tarauni ya zauna, don matarsa Huraira ta gaji wani ɗan fili a can, gida a gaba, lambu a baya. 'Ya'yansu biyu duk sun rasu tun suna ƙanana, su kaɗai ne a gidan. Ni Bilya, danga ce kawai ta raba lambuna da nasa, kuma ya girme ni da shekara ashirin ko fiye, Baba nake ce masa.

Lambun nasa abin kallo ne, wannan ba zan hana shi ba. Ya kifa kwalabe a ƙasa sun zagaye kowane fangali. Tsofaffin tuluna da suka tsage, waɗanda mu muke jefarwa a juji, shi sai ya shafe su da farar ƙasa ya shuka fure a ciki. Mukan tsokane shi, mu ce, “Baba, wannan jan furen a miyar kuka ake sa shi ko a ta kuɓewa?” Sai ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa. Kuma ba a banza yake yi ba, don duk Asabar yakan ɗaure furannin ya kai wa wata mata Florence a Sabon Gari, su yi wa cocinsu ado. Kwanon kuwa ya kafa shi a ƙarshen lambun, jikin zanan gidansa, ƙarƙashin wata bishiyar lemo.

Shekarar ɗan lambu ba irin ta manomi ba ce. Mu lokacin sanyi ne kakarmu: latas, kabeji, karas, tumatir, a ɗora wa jaki a nufi kasuwa. Da bazara ta shigo sai neman tsira. Ka bar fangali biyu ko uku na irin barkono da tattasai da yalo, ka yi musu rumfar kara, ka riƙa lallaɓa su har ruwa ya sauka ka dasa. Wanda irinsa ya mutu da bazara, to daminar shekarar ta wuce shi yana kallo.

Mu biyar muke shan rijiya ɗaya. Babbanmu Malam Mati, shi da mahaifinsa suka haƙa ta, shi ke da magana a kanta. In ruwa ya ja baya yakan raba: kowa tulu goma da safe, sannan a bar rijiya ta huta ta taru, da la'asar kowa biyar. Wannan rabon shi ne ran ɗan lambu. Wanda aka cire daga ciki, lambunsa ba ya kwana bakwai.

Shekara uku muna zaune lafiya. Ta huɗu, ina jin hamsin da takwas ce, bazara ta yi tsawo. An yi wani yayyafi guda ɗaya wanda ya ruɗi masu gaggawa suka yi shuka, daga nan sama ta washe. Hadari ya haɗu ta gabas da la'asar, baƙi ƙirin, mu tattara kaya, sai iska ta zo ta watsa shi. Kududdufai suka ƙafe tun daga Darmanawa har Daurawa. Guga ya fara fitowa da laka. Malam Mati ya mayar da rabo tulu shida da safe, uku da yamma.

A cikin wannan hali Isyaku bai fasa ba. Tulunsa na farko, tun kafin irinsa ya ga ɗigo, kwanon tsuntsaye yake kai wa. Ya wanke shi da soso, ya cika shi fal, da yamma ya ƙara. To duk faɗin karkarar nan ba wani buɗaɗɗen ruwa sai nasa. Kurciya, hasbiya, gwara, marai, har waɗanda ban san sunansu ba, duk suka gano hanya. Su sha, su yi wanka, su kakkaɓe fiffike, sannan su sauka a fangalinmu su karya kumallo. Ɗanyen tsiro kuwa a bazara, wane tsuntsu ne zai gan shi ya wuce?

Aka taru a gindin tsamiya bayan sallar azahar. Malam Mati ya ce, “Malam Isyaku, mu muna kafa mutum-mutumi muna korar tsuntsu, kai kana yi masa shimfiɗa. Yaya ke nan?”

Isyaku ya ce, “Rabona nake zubawa. Ban taɓa na kowa ba.”

“Rabonka ne, amma irinmu suke ci in sun sha. Faɗa mana amfanin abin nan, ko guda ɗaya, mu ji. In akwai dalili, mu ba mahaukata ba ne.”

Isyaku ya dubi ƙasa. Ya ce, “Ado ne.”

Raina ya ɓaci, har na manta da girmansa. Na ce, “Ado? Baba, ana ta kai wa yake ta kaya? Baturen da ya koya maka ya tafi ya bar ka da rana.” Malam Mati ya ɗaga mini hannu na yi shiru. Ya ce an ba Isyaku zuwa Juma'a: ko ya kife kwanon, ko ya fita daga rabon rijiya.

Ran Laraba da sassafe na tarar fangalin tattasaina guda tsuntsaye sun yi masa aski, ba ko ganye ɗaya. Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗauki gatari na tsallaka danga, niyyata in raba kwanon nan biyu kowa ya huta. Isyaku yana can bakin rijiya.

Da na zagayo bishiyar lemon sai na ga an ɗage zanan gidan kaɗan daga ƙasa, an tokare da sanda. Inna Huraira tana zaune a kan tabarma daga ciki, ta jingina, fuskarta tana wajen kwanon. Na fi shekara biyu ban sa ta a ido ba. An dai ce idonta ya yi yana, amma ban san ya tafi gaba ɗaya ba sai ranar. Fari fat, duka biyun.

Ta ce, “Wane ne? Ba tafiyar Malam ba ce.”

Na ɓoye gatarin a bayana, kamar tana gani. Na ce, “Bilya ne, Inna. Ina kwana?”

“Lafiya lau. Tsuguna, kada ka kore su. Ka ji wannan mai fantsama ruwan? Hasbiya ce, ba ta da kunya, ita take fara shiga. Kurciyoyin nan biyu kullum tare suke zuwa, ɗaya ƙafarta da ciwo, ina jin saukarta. Gwara kuwa sai sun yi faɗa tukuna.” Ta yi 'yar dariya. “Da su nake sanin gari ya waye, da su nake sanin la'asar ta yi. In ba su ba, ai ni duk ɗaya ne.”

Ina tsugune Isyaku ya iso da tulu a kafaɗa. Ya dube ni, ya dubi gatarin. Ya juye ruwan a kwanon. Sannan ya ja ni gefe inda ba za ta ji ba, ya ce, “Abin da ka gani, ka bar shi a nan.”

Na ce, “Baba, ai da ka faɗa musu.”

Ya ce, “In tsaya a gaban maza in ce don matata nake yi? Kai za ka iya?”

Ba zan iya ba, gaskiya ce. Mutumin da ko sunan uwargidansa ba ya kamawa a bainar jama'a, sai dai ya ce “mutanen gida”, yaya zai buɗe baki a gindin tsamiya ya ce yana shayar da tsuntsaye don ta ji daɗi? Da an ji tausayinsa ranar, a kuma yi shekara goma ana ba da labarinsa a bakin kasuwa. Isyaku ya ƙara da cewa ita ma ba ta san ana rigima ba, kuma ba ya so ta sani, don in ta ji, da bakinta za ta ce a kife.

Ran Juma'a aka sake zama. Malam Mati ya tambaye shi, ya ce ba zai kife ba. Aka zagayo ana jin ta bakin kowa, har aka zo kaina. Da na faɗi abin da na gani, kalma biyar ta isa ta gyara komai. Sai na ce, “Duk abin da kuka yanke.” Nakan gaya wa kaina amana na riƙe. Amma ba zan ɓoye muku ba, tattasaina ma yana raina, kuma tulu tara da za a raba mana ba ƙaramin abu ba ne a wannan bazarar.

Aka cire shi. Washegari ya samo garwa biyu da sanda, ya riƙa zuwa Gyaɗi-Gyaɗi gidan ƙanensa yana ɗebo ruwa a rijiyar cikin gida. Sawu biyu a rana, tsoho ɗan shekara sittin, a ranar da ko jaki sai an doke shi yake fita. Ruwan ya ishi sha da girki da alwala, ya ishi kwanon. Lambu kuwa bai samu ba. Furannin suka fara tafiya, sai barkono, sai yalo. A kwana shida ba abin da ya rage sai kwalabe da fararen tuluna a jere.

Ga kuma wautar da ta fi ba ni haushi har yau. Mun kashe masa lambu, tsuntsaye kuma ba su fasa zuwa ba, tunda kwanon yana nan cike. Ƙarshenta sai da muka saro ƙaya muka rufe fangalinmu, muka shimfiɗa tsohuwar komar kamun kifi a sama. Abin ya yi aiki sarai. Da mun yi haka tun farko, da ba a kai ga tsamiya ba.

Kwana ashirin da uku bayan nan ruwa ya sauka, na gaske, har da ƙanƙara. Rijiya ta cika ta kusa tumbatsa. Malam Mati ya aika wa Isyaku cewa ya dawo rabonsa, lokacin da ruwa ya zama ko akuya ba ta kula shi. Ni na ɗebi irin barkono kwando guda na kai masa. Ya karɓa ya yi godiya ya dasa, bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Inna Huraira ta rasu da kaka a shekarar, ana cikin cirar gyaɗa. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Aka yi zaman makoki, aka watse. Bayan sadakar bakwai Isyaku ya sauke kwanon daga kan ginshiƙi shi kaɗai, ya mirgina shi ya kifa a jikin danga. Bai sake zuba masa ruwa ba har ya bar duniya, shekara tara bayan haka.

Da safen da ya kife shi muna bakin rijiya mu biyar. Malam Mati ya hango ginshiƙin tsaye ba komai a kansa, ya ji daɗi ƙwarai. Ya dafa kafaɗar Isyaku ya ce, “Alhamdu lillahi, Malam Isyaku. Ka ga yanzu ka dawo cikinmu. Dama na ce musu wata rana za ka gane abin nan ba shi da amfani.”

Isyaku ya ce, “Haka ne, yanzu ba shi da amfani.”

Sauran suka yi dariya, suna yi masa barka. Malam Mati ya juyo gare ni ya ce, “Ko ba haka ba, Bilya?”

Na ce haka ne, na sunkuya na ci gaba da jan guga.