Ɗan farin da ba a ƙirga ba

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Habibu, Allah Ya jiƙansa. Ya rasu yana tsakiyar digirinsa na uku a kan yaɗuwar cututtuka, bai kammala ba.

Ni na yi yawon duniya. Na zauna a Sudan, na yi aiki a Dakar da Jidda, na ga yadda ake karɓar masu irin iliminsa hannu bibbiyu. Sau biyu ana kiransa aiki a waje, sau biyu ina matsa masa ya tafi. Amsarsa ɗaya ce: "Yaya, in na tafi, wa zai koma Indabo?"

A ƙauyukan Indabo da Lajawa yake bincikensa. Yana bin gida gida da takardar tambayoyi, yana son sanin yara nawa ƙyanda da gudawa suka ɗauke. Wata shida yana yi, amma abin da iyaye mata ke faɗa ya ƙi daidaita da abin da masu haƙa kabari suka sani. Rannan yana tambayar wata mata, sai wata tsohuwa da ke ɓarar gyaɗa a gefe ta ce masa, "Kai ɗan nan, a gaban surukarta kake tambayarta ɗan fari? Ko yana raye ba ta kama sunansa, balle ya mutu."

Alkunya ce. Matan suna tsallake 'ya'yansu na fari. Shi kuwa, haifaffen Wudil, ya riƙe takardar da aka tsara a wata ƙasa, ya manta abin da ya tashi yana gani a ɗakin mahaifiyarmu. Ya ajiye aikin wata shida, ya sake daga farko, wannan karon kakanni da unguwarzoma yake tambaya. Sakewar ta ci lokaci. Ciwon hanta bai jira shi ba.

Yanzu nakan ga matasa suna shiga ƙauyukan nan da wayoyi a hannu, su yi tambaya, su danna, su wuce. Ko an gyara tambayar, ban sani ba, na kuma gaji da bin ba'asi. Da Habibu zai gan su, ina jin zai yaba saurinsu, sannan ya ce su samu tabarma su zauna.

Litattafansa suna cikin akwati a ɗakina, gara ta fara cin gefensu. Watan jiya 'yarsa Maryam ta samu gurbin digiri na uku a waje, a fanninsa. Ta zo ta durƙusa ta ce, "Baffa, in tafi ko in zauna?"

Ni da na shekara ina cewa ubanta ya tafi, sai na jawo akwatin na tura gabanta. Na ce, "Tafi, amma da wannan. Ki dawo ki ƙarasa ƙirgar."

Ita ce 'yarsa ta fari. Har ya koma ga Allah ban taɓa jin ya kama sunanta ba.