Tiyar Ɗan Gida

Shekarun baya, wajen dubu biyu da 'yan kai, lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a a Samaru, na tafka wani abin kunya wanda har yau idan na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lissafin ƙididdiga nake karantawa, kuma ba yabon kai ba, a ajinmu idan lissafi ya gagara wurina ake kawo shi. Ina da wani aboki haifaffen Sabon Gari. Iyayensa daga kudu suka zo tun kafin a haife shi, mahaifiyarsa tana ɗinki a unguwar PZ. Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, amma lissafi kam sai addu'a. Shekara uku ni nake jan sa. A cikin bas daga Samaru zuwa Sabon Gari nake masa bita, kafin mu wuce Palladan ya manta rabin abin da na faɗa, washegari mu sake sabon lale.

A wannan shekarar malamin da ke duba aikinmu na kammala karatu ya sanar cewa zai yi wani bincike na wata shida a kasuwannin hatsi, kuma ɗalibi ɗaya zai ɗauka ya taya shi. Wanda ya samu wannan gurbi ya samu ƙofar digiri na biyu, kowa ya sani. Ni dai a raina har na ɗinka rigar tafiya. Wa zai ja da ni?

Aikin da ya ba mu bai da wuyar faɗa. Kowa ya nemo wata magana da jama'a suka yarda da ita a kan matsakaicin wani abu, ya gwada ta. Ka fara da ɗaukar cewa maganar gaskiya ce. Sai ka ɗebo samfuri, ka fitar da matsakaicinsa, ka duba tazarar da ke tsakaninsa da abin da ake faɗa. Idan tazarar 'yar ƙarama ce wadda dace kawai zai iya kawowa, ka ƙyale maganar. Idan ta yi girman da dace ba zai iya kawo ta ba, ka yi watsi da maganar. Malam yakan ce zaton farko kamar wanda aka kai gaban alƙali ne, ba a ɗaure shi sai da hujja.

Ni na shiga laburare na kwaso tsofaffin alƙaluman ruwan sama, na gama aikina a mako ɗaya ko gumi ban yi ba. Abokina kuwa sai ya ce tiya zai gwada, wato kwanon da ake awon hatsi da shi. 'Yan kasuwa suna cewa tiyar masara kilo biyu da rabi ce, shi kuma yana so ya ga ko abin da mai saye ke fita da shi ya kai hakan. Na yi masa dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Shekara huɗu a jami'a, ka ƙare a awon masara?"

Ya ari sikelin rataye, ya tsaya a ƙofar kasuwar Sabon Gari. Duk mutum na biyar da ya fito da masara sai ya tare shi, ya tambayi tiya nawa ya saya, ya roƙi a bar shi ya auna. Wasu suka zage shi, wasu suka ɗauka ɗan haraji ne. Mako uku yana shan rana kafin ya haɗa awo arba'in. Da ya kawo min takardar, ni da hannuna na buga masa lissafin a kalkuleta. Matsakaicin ya gaza kilo biyu da rabi, kuma gazawar ta wuce a ce dace ne.

Ranar da Malam ya dawo mana da ayyukanmu, nawa ya miƙo min ya ce, "Ba kuskure." Shi ke nan. Na abokina kuwa ya ɗaga shi sama yana kaɗawa, ya ce, "Wannan shi ne aiki. Ku je ku ga yadda ake ɗibar samfuri." Har ya ce abokina zai gabatar da shi a gaban ɗalibai da malaman sashe.

Aka yi ta tafi, ni ma na tafa, amma hannuna kawai ke tafawa. Yaron da ni na koya masa riƙe kalkuleta? Lissafin da ake yabo ma nawa ne! Tun daga ranar ko dariyarsa na ji sai raina ya ɓaci. A bas ya dube ni ya ce da Turancin buroka, "O boy, wetin dey worry you? Me ke damunka? Kwana biyu ka canja min." Na ce masa ciwon kai ne.

Sai shaiɗan ya kawo min uzuri mai kyau. Mahaifina ya shekara talatin yana sayar da hatsi a wannan kasuwa. Na ce wa kaina ai mutuncin Baba da maƙwabtansa aka taɓa, dole in kare. Allah ya sani, ni ma na sani, ba Baba ne a raina ba. Gurbin nan ne, da tafin nan.

Ran Asabar na ɗauki sikeli na shiga layin 'yan hatsi. Tun daga nesa aka fara, "A'a, ɗan Alhaji! Dakta da kansa! Yau boko ya tuna da mu?" Duk rumfar da na tsaya sai in ce a auna min tiya ɗaya in gwada. Mai rumfa ya cika ta, ya yi mata tozo har tana zuba, ya juye a leda, ya ƙara danƙi guda a kai, in rataya a sikeli in rubuta, in mayar masa da masararsa. Wani dattijo ma danƙi biyu ya ƙara yana cewa, "A gaida Malamin naku." Kafin la'asar na haɗa awo arba'in. Abin da abokina ya yi mako uku a kansa, ni na gama a yini guda, har ina jin tausayinsa.

Na buga lissafi, matsakaicina ya haura kilo biyu da rabi nesa ba kusa ba. Na ninke takardar na sa a aljihu, ban gaya wa kowa ba. Da gyara nake nufi, ai da na nuna masa a bas. A gaban jama'a nake son in kayar da shi.

Ranar gabatarwa ɗakin ya cika. Abokina ya yi bayani, ya gama, aka ce ko akwai tambaya. Na miƙe ina gyara hula. Na ce na sake wannan gwaji a kasuwa ɗaya, da samfuri daidai da nasa, na samu akasin abin da ya samu, saboda haka aikinsa ba abin dogaro ba ne. Abokina ya juyo ya dube ni.

Malam ya karɓi takardata ya bi ta layi-layi. Ya ce, "Lissafinka daidai ne. Masarar wa ka auna?"

Na ce, "Ta masu hatsin, Malam. Su suka auna min da hannunsu."

"Sun san ka?"

Wani daga baya ya yi caraf ya ce, "Malam, ai a layin ya girma, babansa ne babba a wurin!"

Malam ya gyaɗa kai. "Da suka cika tiyar, nan suka tsaya?"

A nan ne abin ya faɗo min. Na ga hannayen nan arba'in suna komawa cikin buhu. Tun ina yaro ban taɓa ganin an auna wa ɗan gida hatsi ba tare da gyara ba, har idona ya daina ganinsa a matsayin ƙari. Na ce a hankali, "Sun yi gyara."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Malam ya jira aka yi shiru, sannan ya ce, "To kai ba tiyar kasuwa ka gwada ba. Ka gwada yadda ake son mahaifinka a kasuwa, kuma sakamakon ya nuna ana son sa ƙwarai."

Dariyar ba ta yi min ciwo kamar abin da ya biyo baya ba. Malam ya kira ni ofis, ya jawo wata takarda ya nuna min. Sunana ne a kai. Ya ce, "Har safiyar yau kai zan ɗauka. Abokinka da bakinsa ya zo ya gaya min kai ka yi masa lissafin, ya ce kada in yaba masa a kan abin da ba nasa ba. Kuskuren samfuri ana gyara shi. Amma wanda ya shiga kasuwa da amsarsa a aljihu, ba zan ba shi sikelina ba." A gabana ya ja layi a kan sunan.

Da na ba Baba labari, sai da ya ajiye butarsa don dariya. Ya ce, "Kai, wa zai auna ma ɗan gida da tiyan kasuwa? Da ka tambaye ni, da na lissafa maka waɗanda gindin tiyansu ya sha guduma don awo ya ragu. Yaron nan gaskiya ya faɗa." Mutuncin da na ce ina karewa ke nan, mai shi ma bai nemi a kare masa ba.

Abokina ya tafi aikin, daga nan ƙofofi suka yi ta buɗe masa. Sai da na yi mako biyu kafin na iya taka ƙafa zuwa shagon mahaifiyarsa in ba shi haƙuri. Ya yafe, amma tsiya ba ta ƙare ba. Har yau idan ya zo gidana aka zuba masa abinci, sai ya miƙa kwano ya ce, "Ɗan Alhaji, ba gyara?"

Ba zan yi muku ƙarya in ce hassadar ta mutu murus ba. Idan na ji an ambace shi a taro, wani ɗan abu yakan motsa a ƙirjina. Sai dai yanzu na san muryar abin nan, ba ya iya zuwar min da rigar kare mutuncin kowa. A lokacin na ɗauka abokina ne zai ƙwace min gurbi, alhali shi ne ya je ya riƙe min shi. Ni na miƙe a gaban jama'a, na gyara hula, na ƙwace wa kaina.