Tsofaffin Notuna da Tafiyar Baba ta Ƙarshe

Baba ya bar mana wasiyya ɗaya tak, ita ma sai da ta zame mana ƙarfen ƙafa: a akori-kurarsa za a kai gawarsa gida Fadan Kagoma. Motar da ya tsufa yana dakon citta da ita. Ga shi kwance a ɗakin ajiye gawa a Kafanchan, an sa jana'iza Asabar, dangi sun fara taruwa, ita kuwa motar ta ƙone gasket ɗin kan inji tana haɗa ruwa da mai.

Na je garejin abokinsa, wani tsohon bakanike Bahaushe da muke kira Kawu. Ya zare notunan da ke ɗaure kan injin, ya jera su a kan buhu, ya nuna mini ɗaya da ya sirance a tsakiya.

"'Yata, irin waɗannan sau ɗaya ake ɗaure su. Sun miƙe. Sababbi sai Kaduna, kuma ba za su iso kafin Litinin ba."

"Kawu, Baba ba zai jira Monde ba. Ka mayar da su haka."

"In suka saki a hanya fa?"

Haushi ya kama ni, na motar, na Kaduna, har na Baba da taurin kansa, sai kawai na fashe da kuka a gaban mutane. Kawu ya wanke notunan da fetur, ya shafa musu mai, yana ɗaure kowanne yana bismillah, ni ina kiran sunan Yesu a zuci. Babu notin da ya karye.

Asabar muka ɗora akwatin gawar Baba a bayan motar, muka kama hanya a hankali, Kawu na tuƙi, idona a kan allurar zafi. Muna hango rufin cocinmu allurar ta haura ja. Tururi ya turnuƙe gilashi, injin ya mutu. Ƙanena ya ce a sauke akwatin a ɗauka a kafaɗa. Na ce sai dai a bi ta kaina.

Matan zumuntar cocinmu da ke jiranmu a bakin hanya suka ɗaure zannuwansu, suka kewaye motar. Suna waƙa suna turawa, Kawu na riƙe da sitiyari yana share hawaye da hularsa. A cikin motarsa Baba ya isa ƙofar gidansa.