Kyautar Inna da Ta Kusa Kai Mu Kotu

Har yau in mota ta tsaya a ƙofar shagonmu sai ranar da aka ɗauke mana kwamfuta ta faɗo mini. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan ba ku san labarin ba, shi ya sa na ce bari in rubuta muku da ɗan karatun yaƙi da jahilcin da Allah ya ba ni.

Shagon Malam Habibu ne a unguwar Takur, ana cajin waya ana turin finafinai. Ni aikina shiga gidaje. Matan aure da yawa ba sa zuwa shago, sai in bi su in karɓo memori, a zuba musu abin da suke so, in mayar musu. Ga wanda bai san sana'ar ba, fim ba a tura shi yadda aka ga dama. Mai fim ne yake ba wa ƙungiyar masu turi izini, ƙungiya ta raba wa shagunan da suka yi rajista, kowane shago da lambarsa a gefen hoton, 'yar ƙarama kamar ƙuda. Sannan akwai ranar saki. Fim yakan iso shago tun kafin ranar, amma ba a ba wa kowa sai ta zo. In ya fita da wuri, lambar za a duba a san inda ya ɓulle.

Bayan babbar salla ne wani sabon fim ya iso mana, saki sai Juma'a. Malam Habibu ya tara mu ya ja mana kunne, ya ce ko uwar mutum ce ta roƙa kada a tura. Da yamma ya koma gida ya tarar da tasa uwar, wadda duk unguwa muke ce wa Inna, tana fama da ciwon ƙafa, zaman ɗaki ya ishe ta. Sai ya zuba mata a wayarta, ya ce, "Inna, ke kaɗai za ki kalla."

To, Inna ba ta iya cin abu ita kaɗai ba. Ko rake aka sayo mata sai ta yanyanka ta aika wa maƙwabta. Washegari ana suna a gidan da ke jikin nasu, ta lallaɓa ta shiga, ta zauna a tabarma ta kunna fim. Mata suka yi mata rumfa. Wata ta ce, "Inna, ba a sammana ba?" Ita ko turin ba ta iya ba, wayar ta miƙa, ta ce, "Ku ɗiba, ai ba ƙarewa yake ba."

Kafin Juma'a ta zo sai ga shugaban kwamitin ƙungiya mai kula da satar fasaha a mota, tare da ɗan sanda. Ya nuna wa Malam Habibu wayarsa: ga fim ɗin a wani gurup na intanet, kowa yana saukewa kyauta, ga lambarmu tana ƙyalli a gefe. Ya yi bayani a natse cewa doka ta hana kwafa ko raba aikin wani ba da izininsa ba, kotu tana iya cin mutum tara ko ta ɗaure shi, kuma mai saukewa ma yana sane da cewa na sata ne bai tsira ba. Suka naɗe kwamfuta da wayoyin haɗa ta. Suka ce a zo zama ofishin ƙungiya, in ba a daidaita da mai fim ba, sai kotu. Kwamfutar nan ita ce abincinmu gaba ɗaya.

Malam Habibu ya zauna a benci ya dafe kai, can ya ce, "Yaya Ladi, mu maza ba mu da ikon shiga gidajen nan. Ki taimake ni ki bi su a goge, ko a ga mun yi wani abu."

Na ɗauki hijabina na fara zagaye. Duk gidan da na shiga maganar ɗaya ce: "Wallahi mutum ɗaya na tura wa." Wannan ta ba wa ƙanwarta, waccan ta ba wa mai yi mata kitso, baƙin sunan da suka zo daga Aujara kuma sun tafi da shi a matsayin tsaraba. Wata ta ce in zauna in sha kunu, saura kaɗan ta ga ko za a kama mugun. Na sha kunun, muka ga an kama shi tare, sannan ta goge. Wata ta rantse wayarta ta ɓata, muna cikin jimami sai buhun gero ya fara ƙara. A ƙarshe na gano 'yar wata maƙwabciya da ke karatu a Kafin Hausa ce ta ɗora a gurup, wai don ƙawayenta su rage kewa. Uwar ta kira ta a waya a gabana ta sa ta cire, amma abin ya riga ya yi nisa.

Ranar zama Inna ta ce sai ta je. Malam Habibu ya roƙe ta, ta ƙi. Ni na riƙe mata hannu muka hau adaidaita. Tana shiga ofis ta ajiye wayarta a kan tebur.

"Ga mai laifin nan. Amma ɗan nan, faɗa mini, me na rage wa mai fim? Ba fim ɗinsa yana hannunsa ba?"

Shugaba ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya ce, "Yana hannunsa, Inna. Masu saye ne babu. Duk wadda ta kalla kyauta, ranar Juma'a ba za ta ciro kuɗinta ba. Shi kuma gonarsa ya sayar ya yi fim ɗin."

"To ni zumunci na yi."

"Mun sani, Inna. Sai dai alƙali ba zai tambayi zumunci ba, lamba zai tambaya. Lambar kuwa ta Malam Habibu ce. Shi zai tsaya a gaban kotu."

Inna ta juya ta kalli ɗanta. Can ta ce, "A cire sunansa a sa nawa. Ni dama ƙafata ba ta zuwa ko'ina, zaman gidan yari da na ɗakina duk ɗaya ne."

Ɗan sandan nan, da shi ma yake wurin, ya juya baya yana gyaran murya. Shugaba ya kira mai fim a waya ya ba wa Inna. Ba mu ji abin da ya ce ba, mun dai ji Inna tana cewa, "Gonar gado ce? Assha. Ka yafe mini, ɗana, ban san a bakinka na ɗebo na raba ba." Suka daɗe, har ta tambayi lafiyar iyalinsa.

Mai fim ya janye maganar kotu, amma ba a bar mu haka ba. Malam Habibu ya biya diyya, aka dakatar da mu daga karɓar sabon fim har bayan girbi. Kwamfuta ta dawo, muka yi ta turin tsofaffin finafinai da wa'azi, ciniki ya ja baya, mun ji a jikinmu.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan ba mugaye kaɗai ke jawo wa mutum shari'a ba. Yawanci masu kirki ne, waɗanda kike jin nauyin ce musu a'a. Kuma abin da ya fita daga waya ba ya dawowa, ko da kin zagaye gari kina gogewa. Don haka in wata ta ce ki tura mata sabo kafin ranarsa, ko ta nuna miki wanda ta sauko da shi daga gurup ta ce ki raba wa maƙwabta, ki yi murmushi ki ce ba naki ba ne. In ta matsa, ki aike ta wajen Inna. Yanzu a gidan biki ko "tura mini" ta ji an ce, sai ta ɗaga sanda ta ce, "Je ki saya, 'yar nan. Ni na kusa sa a ɗaure ɗana a kan kyauta."