Almakashin Kaza da Rigimar Umma da Inna

Umma mahaifiyata da Inna taubasai ne, 'yar namiji da 'yar mace, kuma tun da na yi wayo suke rigima a kan wace ce babba. Iƙama, wato katin zama na Saudiyya, ba ta raba gardamar ba, domin duk wanda bai san ranar haihuwarsa ba ɗaya ga Rajab ake rubuta masa, su kuwa har shekara ɗaya aka ba su. A gida ɗaya aka haife su a unguwar Nuzla, amma iyayen Inna suka tafi da ita Makka tana ƙarama, ba ta dawo ba sai da ta zama budurwa. Manyan da suka san gaskiya duk sun riga mu gidan gaskiya. Umma kuwa ba wani abu take nema ba, so take Inna ta buɗe baki ta ce mata Yaya ko sau ɗaya.

Hujjar Inna ita ce an haife ta shekarar da ruwa ya cinye lungunsu. Hujjar Umma wani tsohon almakashin yanka kaza ne mai lanƙwasasshen baki, da ɗan gurbi na karya ƙashi, da ƙugiyar rufewa a gindi. Kakana ne ya saye shi sabo don farfesun jego da aka haife ta. Mahaifiyarta ba ta gama wankan jegon ba ta rasu, almakashin ya zauna. Umma ta rantse ya riga ruwan nan zuwa gidan.

Ni sarkin shisshigi na ce zan gano shekarunsa. Na goge shi da toka da lemun tsami har rubutu ya fito kusa da ƙusar: Jamus ta Yamma. Na yi ta murna, sai mijina ya tuna mini ƙasar ta yi wajen shekara arba'in da wannan suna. Ban daddara ba, na sa ya ɗauke ni daga unguwarmu Safa har kasuwar tsofaffin kaya. Wani dattijo ɗan Yaman ya juya shi, ya ce mariƙin ƙaho ne, ƙarfen da ke buɗe shi kuma an taɓa canzawa. Da na matsa masa a kan shekara, sai ya ce ko dai ya girmi almakashin ko almakashin ya girme shi, Allahu a'alam. Gumi kawai na samo.

Ranar Juma'a muka taru a gidan Umma za a dafa kabsa, shinkafar nan ta Larabawa da kaza. Na zauna ina zuba bayanin ƙaho da Jamus kamar wadda ta ƙera shi, ina datsa kazar a karkace. Inna ta gaji, ta fizge almakashin daga hannuna.

"Halas, ya isa haka, kin ishe mu. A jan kwali aka kawo shi. Na taɓa bakin, ya yanke ni, uwar wannan ta ɗaure mini yatsa da bakin zanenta."

Ta ɗaga yatsan, ga ɗan tabo fari. Sai a lokacin ta ji abin da bakinta ya faɗa. Wadda ta tuna ranar ai ta riga ta yi wayo, magana ta ƙare ke nan. Na zaci Inna za ta yi guɗa, amma sai ta sunkuyar da kai tana datsa fiffike. Ta ce ta daɗe da sani, rigimar ce ke mata daɗi, kuma ba ta so ta tayar wa marainiya da mikin da ya kwanta.

Tausayin Umma ya kama ni, don na san ta sha kaye. Ta daɗe tana kallon yatsan nan. Ba ta da hoton mahaifiyarta ko ɗaya, kuma ba ta taɓa sanin wadda take faɗa da ita kullum ta gan ta da ido ba. Ta matsa kusa, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, da wa take kama?"