Tafin Hannu

Yayana tela ne, kuma duk layinmu ba a kiransa da komai sai Malam Tsaf-tsaf. Tsokana ce, amma shi ya ɗauke ta yabo. Shagonsa ɗaki ɗaya ne: keken ɗinki a bakin taga, teburin yanka a tsakiya, almakashi a ƙusarsa, zare a jere daga fari zuwa baƙi. In ka ɗauki allura ka ajiye ba a mazauninta ba, zai bi ka da ido har ka ji kunya ka gyara. Ni ƙanwarsa ce, ciki ɗaya, amma ko ni sai na karkaɗe takalmi nake shiga.

Ba haka aka haife shi ba. Yana yaro aka kai shi koyon ɗinki wurin wani tsoho mai saurin hannu, wanda ke da doka guda: ƙyallen da ya kai tafin hannu a adana, zai yi aljihu ko faci, wanda bai kai ba shara ne. Yaya ya sha duka a kan dokar nan har ta zame masa jiki.

Sai Allah ya haɗa shi da matar da ba ta san mazaunin komai ba. Ta bar kofi a kan keke, ta yanke farce da almakashin yadi, in ya ɓata rai ta ce, "Malam, wai shago ne nan ko asibiti?" Yana mita yana bin bayanta yana gyarawa, kuma ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na shekarun nan ba. Ta rasu 'yarsu ba ta fara famfara ba.

Da mutane suka watse, Yaya ya yi abin da ya iya, wato gyara. Ya ninke kayanta ya rabar, har mataji. Na ce, "Yaya, ka bar wa yarinyar nan ko ɗankwali ɗaya."

Ya ce, "Ganinsu zai riƙa tayar mata da hankali."

Nasa hankalin yake nufi. Na ji haushinsa ranar, kuma har yau bai gama fita daga raina ba.

Da babu mai riƙe ta a gida, 'Yar Tela, kamar yadda 'yan layi ke kiranta, sai ta koma zama a ƙarƙashin teburin yanka. Duk abin da ya faɗo daga almakashi nata ne. Da ƙyallaye ta gina gari. Dogon baƙi direba ne, maɓallai awaki ne, akwai wani ja mai masifa da kullum sai an kai shi gaban alƙali. Tana magana da muryar kowa. In na leƙa sai ta ce, "Goggo, ki yi sallama mana, gidan mutane ne."

Abin mamaki, Yaya ya haƙura. Ya ɗauki allin ɗinki ya ja layi a ƙasa kewaye da teburin, ya ce ciki nata, waje nasa. Tsintsiyarsa kan zo bakin layin ta tsaya. Wani lokaci har ƙafarsa kan tsaya a kan keke, ya yi kasaƙe yana sauraron shari'ar ja mai masifa.

Ɓera ne ya ɓata zaman. Ya ci gefen yadin wani mai kawo ɗinki, mutumin ya zo ya zazzaga wa Yaya rashin mutunci, ya nuna ƙarƙashin tebur ya ce ga inda ake kiwonsu nan. Washegari da safe, yarinyar na makaranta, Yaya ya durƙusa ya tsallake layin. A ganinsa ma adalci ya yi. Ya bi ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya yana ɗorawa a hannunsa: wanda ya kai ya sa mata a gwangwani, wanda bai kai ba ya tafi kwando. Kafin hantsi mai kwashe shara ya wuce da baronsa.

Ina shagon ta dawo. Ta juye gwangwanin a ƙasa, ta baza, ta sake bazawa.

"Baba, ina Mama?"

Ya ce wace Mama.

"Shuɗiyar. Mai ɗigo-ɗigon fari."

Na ga fuskarsa ta canza. Ragowar rigar ƙarshe ce da ya ɗinka wa matarsa. Yarinyar ta tsince ta tun uwar na raye, kuma bayan rabon da ya yi, ita kaɗai ta saura a duniya daga kayanta.

Da ƙyar ya ce, "Ai ba ta kai tafin hannu ba."

"Ta kai. Na gwada."

Ta buɗe hannunta ta nuna masa. Ta san dokar ubanta sarai, ta kuma kiyaye ta. Babu dai wanda ya taɓa gaya mata hannun wa ake nufi.

Yaya ya fita da tef ɗin awo a wuya, ko shago bai rufe ba. Ya tarar an cinna wa juji wuta. Ya dawo da toka har gwiwa, shi da ƙura ba ta taɓa zama a takalminsa ba.

Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mana sauƙi. Ta mayar da sauran cikin gwangwani, ta miƙa masa ta ce za su yi aljihu. Ta jiƙa tsumma ta goge layin allin da kanta. Daga ranar ban sake jin muryar direba ko ta alƙali ba.

Yanzu ta zama budurwa, ita ke yi masa yanka tunda idonsa ya rage. Ta fi shi tsafta, ta fi shi shiru. Mata na yaba ta, ni kuwa in na dube ta tausayi ne ke kama ni.

Shi kuma tsufa ya zo masa da wata ɗabi'a. In ya sami ƙaramin ƙyalle, musamman shuɗi, sai ya sake shi a ƙarƙashin tebur, ya yi kamar bai sani ba, yana satar kallonta. Jiya ma ina zaune ya yi. Ta sunkuya ta ɗauka, ta ɗora a hannunta ta duba.

Ta ce, "Baba, bai kai ba," ta jefa a kwando.