Ta Cire Shi Daga Gida, Ta Bar Shi a Bashi

Kin taɓa ganin mutum yana washe baki ana yi masa tas?

Ni ce ta huɗu a layin ofishin rajistar gidaje na Toledo. A gabana wata mata ce mai jan farce, riƙe da biro biyu, ko da ɗaya zai ƙi rubutu. Tsohon mijinta na gefe, ƙato cikin rigar kanikanci, an ɗinka "Curtis" a ƙirji.

"Sa hannu nan, ɗan lele," in ji ta. "Ka huta da ni."

Yana sawa yana dariya. "Shi ke nan, Lorraine! Gida naki, banki ma naki, mayya."

Ba ta gyara masa ba. Takardar nan daga gidan kawai take cire shi. A bashin banki sunansa na nan daram, wataƙila shekara ashirin nan gaba. Duk watan da ta ƙi biya, har shi za a nema. Na rantse ta sani, don ko ƙifta ido ba ta yi.

Ga shi har ƙofa yake riƙe mata.

Ta burge ni. In naki ma ba ya karatu kafin ya sa hannu, gwada, tun wani bai faɗa masa ba.